Daga ina iskar da muke shaƙa take fitowa?

Shekaru da dama masana kimiyya sun ɗauka cewa iskar oksijin da tsirrai ke fitarwa tana samuwa ne daga iskar kabon dayoksaid da ganyensu ke zuƙa.

Wani matashin masani ɗan ƙasar Holland, Cornelis van Niel, shi ne ya ƙalubalanci wannan fahimta a shekarar 1931.

A wata cibiyar binciken teku ta Jami'ar Stanford da ke Amurka, ya nazarci wasu ƙwayoyin bakteriya masu launin shunayya, waɗanda su ma ke haɗa abincinsu da taimakon hasken rana.

Ƙwayoyin suna zuƙar kabon dayoksaid kamar tsirrai, amma ba sa fitar da oksijin. A maimakon ruwa, suna amfani da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, su raba ta, su bar farar wutar da ke cikinta.

Van Niel ya ce ashe haka tsirrai ke raba ruwa, su saki oksijin ɗin da ke cikinsa.

A shekarar 1941 ne Samuel Ruben da Martin Kamen suka tabbatar da hakan ta hanyar gwaji.

Wato dai oksijin ɗin da muke shaƙa daga ruwa ya fito.