Gombe: Abin da ya kamata ku sani kafin ku sauka ko ku nemi gida

Wanda ya san Gombe kafin ranar 1 ga Oktoba, 1996, lokacin da gwamnatin Janar Sani Abacha ta cire ta daga jihar Bauchi ta mai da ita babban birnin sabuwar jiha, idan ya dawo yau sai an yi masa jagora. Gonakin da ake noma dawa da auduga a bakin gari sun zama unguwanni, ƙauyukan da ake zuwa cin kasuwa kuma gari ya cim musu ya wuce.

Dalilin wannan bunƙasa ba ɓoyayye ba ne. Jihar Gombe ta yi iyaka da dukkan sauran jihohi biyar na Arewa maso Gabas: Bauchi, Yobe, Borno, Adamawa da Taraba. Mai zuwa Yola daga Bauchi ta nan zai bi, haka mai nufin Biu. Ga ma'aikatan gwamnati da suka taho bayan an ƙirƙiro jihar, ga ɗalibai, sannan da rikicin Boko Haram ya tsananta, iyalai da yawa daga Borno da Yobe suka tsugunna a nan, wasu suka sayi fili suka yi gini, ba su koma ba. Ƙaramar hukumar Gombe kuwa 'yar mitsitsiya ce, shi ya sa garin ya malala cikin Akko da Kwami da Yamaltu-Deba. Mutum zai ce muku yana zaune a Gombe, alhali a takarda ɗan ƙaramar hukumar Akko ne.

Garin kansa ba tsoho ba ne can. Modibbo Bubayero, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shi ya kafa masarautar Gombe a zamanin jihadi, amma hedikwatarsa tana Gombe Abba, inda kabarinsa yake har yau. Turawa ne suka ɗauke fadar zuwa Nafada a 1913, suka sake dawo da ita Doma a 1919, wato Gomben da muka sani yanzu. Don haka baƙo ya fara da fadar Sarki da babban masallacin Juma'a da ke gabanta. Idan ya dace da lokacin Sallah, zai ga hawa.

Daga nan sai tsofaffin unguwanni irin su Ajiya, Shamaki, Dawaki, Herwagana, Kumbiya-Kumbiya, Bolari da Jekadafari, inda gidaje ke manne da juna, lunguna a cike da yara da masu sana'a. A ganina nan ne Gombe ta ainihi take, kuma duk wanda ya tsaya a otal ɗin GRA bai leƙo nan ba, bai ga garin ba. Ya shiga kasuwar Tudun Hatsi ya ga buhunan masara da wake da dawa ana loda wa manyan motoci zuwa Kudu. Ya lura da unguwar BCGA, wadda ta gaji sunanta daga kamfanin audugar Turawan Ingila, shaidar cewa auduga ce ta fara jawo wa garin arziki, kafin layin dogo ya iso a farkon shekarun 1960.

Tudun Wada ta canja fuska tun da aka kafa Jami'ar Jihar Gombe a 2004, har maƙwabciyarta Malam Inna ta cika da ɗakunan hayar ɗalibai. Kan hanyar Ashaka akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya da Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai koyar da fasaha. Pantami kuwa unguwa ce mai cunkoso da hada-hada, a nan babban filin wasa yake. Sabon gini ya fi karkata yamma, kan hanyar Bauchi: Shongo, Tumfure, har zuwa wajen Lawanti inda filin jirgin sama yake. Masu hali da ma'aikata can suke tururuwa, kuɗin fili kuma kullum hawa yake.

Amma ga abin da ya fi muhimmanci ga mai neman gida. Gombe a cikin kwari take, kamar ƙwarya: tudu ta yamma, dutsen Liji ta gabas. Ƙasarta rairayi ce mai saurin zaizaya. Duk sabon rufin kwano da kwalta da aka shimfiɗa a tudu, ruwan da a da ƙasa ke shanyewa yanzu gangarowa yake cikin gari da ƙarfi. Kwaruruka sun tsaga unguwanni, sun ci gidaje da hanyoyi, ambaliyar 2004 kuma ta jawo asarar rayuka. An gina manyan magudanai, gwamnatin Gwamna Inuwa Yahaya ta ƙaddamar da shirin dashen itatuwa, amma matsalar ba ta ƙare ba, musamman da mutane ke zuba shara a magudanan suna kuma gini a bakin kwari. Fili mai araha a Gombe abin a duba ne da kyau. Ku je ku gan shi da damina, ku tambayi maƙwabta inda ruwa ke bi.

Ruwan sha ma haka. Daga madatsar Dadin Kowa ake turo shi, amma famfo bai kai sababbin unguwanni da yawa ba, kuma a tudun yamma ruwan ƙasa yana da nisa, rijiyar burtsatse sai an kashe kuɗi sosai. Gidaje da dama da tanka da 'yan garuwa suka dogara, wannan kuɗi kuwa sai a haɗa shi cikin lissafin haya tun farko.

Mai son fita shan iska ya nufi Dadin Kowa, tafiyar ƙasa da awa ɗaya a kan hanyar Biu: ga tafkin madatsar a kan kogin Gongola, ga lambuna da kifi, ga dutsen Bima a kusa. Ta kudu akwai duwatsun Kaltungo da tudun Tula. Mai sha'awar tarihi kuma ya kama hanyar Bajoga zuwa Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya da ɗimbin mabiyansa suka kwanta dama a yaƙinsu da Turawa a watan Yulin 1903.