Fitilar Injin Ta Kama: Sauri Ya Haifi Nawa

Duk wanda ya san ƙasar Miga da damina ya san yadda Kogin Hadejia kan malale fadamu, motoci su riƙa ratsa ruwa. Bayan kwana biyu sai fitilar injin ta kama, kwamfutar makaniki ta nuna lamba P0135.

To, ga ma'anarta. A jikin bututun hayaƙi akwai wata 'yar na'ura mai auna iskar oksijin, ita ke daidaita yawan man da injin zai sha. Ba ta aiki sai zafinta ya kai kamar digiri 300, saboda haka aka sa mata wata waya mai ɗumama ta. Lambar nan cewa take hanyar wutar ɗumamawar ta sami matsala, ba lalle na'urar ce ta mutu ba.

Muna ba ma'aikata masu tattalin albashi shawara: a fara duba fis, sa'an nan soket, ko ruwa ya sa shi tsatsa, kana waya, ko ta ƙone a jikin salansa. Sai in mita ta nuna wayar ciki ta tsinke za a sayi sabuwa. Amma kada a ƙyale, gama mota za ta yi ta shan mai a banza.