Auna Kasuwa Kafin a Zuba Jari

Duk wanda ya san sha'anin teloli da 'yan atamfa na unguwar Briqueterie, a birnin Yawunde, ya san babu asarar da ta kai ta mutumin da ya tattara jarinsa kaf ya zuba a sabon kaya, don kawai 'yan'uwa da abokai sun ga samfuri sun ce madalla, sa'an nan ranar da kaya suka iso shago aka nemi masu yabon aka rasa. Dalili kuwa, yabo ba ya cin ko dala, alhali ciniki sai an taɓa aljihu. Saboda haka hujjar da mai hankali zai riƙe, in yana son sanin ko jama'a na bukatar abin da ya ƙago, ita ce kuɗin da suka yarda su bayar tun abin bai samu ba.

A kan wannan asali aka gina gudummawar taron jama'a ta intanet, wadda dandalin Kickstarter, da aka kafa a Amurka a 2009, ya shahara da ita. Mai sana'a yakan bayyana siffar abin da zai ƙera, ya faɗi adadin kuɗin da yake nema, ya yanka wa'adin da bai wuce kwana 60 ba. In alkawuran jama'a sun cika adadin kafin wa'adi ya ƙare, sai a karɓi kuɗin, in kuwa sun gaza, ba a cire wa kowa kome. Ashe ke nan ko wanda ya gaza ya ci riba, gama ya sami labarin kasuwa ba tare da ya karye ba.

Nan cikin Yawunde ma an jarraba. Olivier Madiba da abokan aikinsa na kamfanin Kiro'o Games, da suka yi niyyar fitar da wasan kwamfuta mai suna Aurion, sun nemi Yuro 40,000 a 2015, mutum fiye da dubu suka sa hannu har kuɗin ya zarce abin da aka nema, wasan kuma ya fito a 2016.

Haƙiƙa dabarar ba baƙuwa ba ce gare mu, domin uwar biki da ke karɓar kuɗin anko kafin ta sari atamfa, da telan da ke karɓar kafin alƙalami gabanin Salla, duk abin da suke yi ke nan. Adashi kan ba mutum jari, amma ba ya gaya masa ko kayansa za su shiga. Kuɗin mai saye kuwa jari ne, shaida ce kuma. Mai kilishin da ke son ya fara ƙulla shi cikin leda mai tambari yana aikawa Duwala, yana iya nuna samfuri ta WhatsApp, ya ce sai mutum kaza sun biya ta Orange Money ko MTN Mobile Money zai soma. Sai dai ya lura, kuɗin da dangi suka bayar don kunya zumunci ne. Kuɗin bare shi ne ma'auni.

Fuƙaha'u sun daɗe da warware wannan mas'ala a babin salam, kamar yadda ɗalibai ke karantawa a Risala ta Ibn Abi Zaid, inda aka halatta biyan kuɗi kafin kaya bisa sharaɗin a san siffarsu da gwargwadonsu da ajalinsu, don kada a yi cinikin biri a sama. Hikimar sharuɗɗan ta bayyana a Amurka, inda wani akwatin sanyi mai suna Coolest Cooler ya tara fiye da dalar Amurka miliyan 13 a 2014, amma kamfanin ya rufe a 2019 dubban mutane ba su ga kayansu ba.

To, ya ɗan'uwa, kafin ka karɓi kuɗin kowa, ka lissafa tsadar kaya da ladan ma'aikata da kuɗin mota, ka rubuta sunan kowa da abin da ya bayar, ka faɗi ajalin da za ka iya cikawa. In adadi bai cika ba, ka mayar wa kowa nasa, gama kuɗin nan amana ne a hannunka har ranar da kaya suka isa ga mai su.