Abin da ke sa kwamfuta sandarewa bayan an ɗora mata Windows 11

A shagunan buga takardu na unguwar Barkin Sale da ke Minna, kwamfuta ita ce jarin mai shago. Da ita ake buga kundin binciken ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya, da ita ake fitar da sakamakon jarrabawar NECO, hukumar da hedikwatarta ke cikin birnin. Idan ta sandare ana tsakiyar aiki, linzami ya ƙi motsi, allo ya tsaya cak, shafukan da ba a adana ba sun tafi, mai aiki kuma ya nufi shago na gaba.

Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, lamarin da ya tilasta wa masu kwamfuta da dama komawa Windows 11. Sabuwar manhajar, wadda ta fito a 2021, tana da sharuɗɗa: ma'adanar RAM ta aƙalla gigabait 4, wurin ajiya na gigabait 64, na'urar tsaro ta TPM 2.0, da furosesar Intel ta zubi na takwas zuwa sama ko takwararta ta AMD. Da yawa daga cikin kwamfutocin gwanjo da ke kasuwannin Nijeriya sun girmi wannan ƙa'ida. HP EliteBook 840 G3, alal misali, furosesarta ta zubi na shida ce. Masu gyara sun iya tsallake shingen su ɗora manhajar da ƙarfi, amma kamfanin ya yi gargaɗin cewa irin wannan na'ura tana iya samun tangarɗa, kuma ba ta da tabbacin samun gyare-gyare.

Da zarar kwamfuta ta fara sandarewa, abin da ake fara zargi shi ne bairos, maganin da ake garzayawa kuwa shi ne a goge komai a sake ɗorawa. Wannan gaggawa ce mai tsada. Windows tana ajiye tsohuwar manhaja a wata jaka mai suna Windows.old na tsawon kwana 10, kuma a cikin wa'adin ana iya komawa baya daga sashen Recovery ba tare da asarar takardu ba. Wanda ya goge kwamfutarsa ya rufe wannan ƙofa da hannunsa, ya kuma shafe shaidar da za ta nuna asalin cutar.

Sau da yawa laifin na direba ne, wato ƙaramar manhajar da ke tafinta tsakanin Windows da kowane sashe na na'ura, kamar katin hoto ko na sauti ko na intanet. Idan an sabunta babbar manhaja aka bar tsohon direba, ko Windows ta sanya wanda bai dace ba, sai fahimta ta yanke. Akwai gwaji mai sauƙi. Idan allo ya tsaya, a danna Windows da Ctrl da Shift da B a tare. Wannan yana sake tayar da direban hoto, kuma idan kwamfutar ta farfaɗo, an san inda za a duba. Hanya ta biyu ita ce kunna ta a Safe Mode, inda direbobi kaɗan ne kawai ke aiki. Idan ta wuni lafiya a can, to matsalar ta direba ce ko ta wata manhaja da ke tashi tare da kwamfutar. A nemo direban da ya dace daga shafin kamfanin da ya ƙera ta. Ko sababbin na'urori ba su tsira ba: a Oktoban 2024, wasu faifan ajiya na Western Digital sun riƙa kayar da kwamfutoci bayan fitowar zubin 24H2, har sai da kamfanin ya fitar da gyara.

Idan kuwa ta sandare har a Safe Mode, sai a koma kan ƙarfe. Tsohon faifan ajiya mai juyawa da RAM gigabait 4 suna iya lallaɓawa da Windows 10, amma su gaza ɗaukar nauyin sabuwar. Task Manager zai nuna faifan a kashi 100 cikin 100 ko da ba a buɗe komai ba. Musanya shi da SSD da ƙara RAM zuwa gigabait 8 ya fi sayen wata kwamfuta sauƙi.

Yanayin Minna ma yana da nasa kaso. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, sannan zafin Maris da Afrilu ya biyo baya. A kwanakin farko bayan sabuntawa, Windows tana aiki tuƙuru a ɓoye, tana jera fayiloli tana sauke gyare-gyare, furosesa ta ɗau zafi. Kwamfutar da ke sandarewa da rana ta yi lafiya da asuba tana buƙatar a buɗe ta a share fankar ne. Sai batun wuta, a jihar da ke da madatsun Kainji da Shiroro: idan aka ɗauke ta ana tsakiyar sabuntawa, ga batiri ya mutu, wasu fayilolin manhajar kan lalace. Umarnin sfc /scannow yana bincika su ya gyara.

Kafin duk wannan, a kwashe muhimman takardu zuwa filashi. Sannan a rubuta kalmar reliability a wurin bincike na Windows. Za a ga jadawalin da ke nuna ranar da kowace tangarɗa ta faru da abin da aka ɗora gab da ita.

Ga wanda kwamfutarsa ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba, komawa Windows 10 ya fi zama da na'urar da ke tsayawa a gaban mai aiki. Microsoft ta buɗe shirin ƙarin gyare-gyaren tsaro na ESU ga ɗaiɗaikun masu amfani, wanda ta sanar zai kai 13 ga Oktoba, 2026, kuma ana shiga shi ne daga sashen Windows Update na kwamfutar da ke kan zubin 22H2.