Ɗan'uwanmu na gidan yari ma zai iya yin digiri

A unguwanni da yawa akwai gidan da ba a son ambatar sunan wani ɗansa. Idan baƙo ya tambaya sai a ce ya yi tafiya, alhali kuwa yana Kurmawa ko Goron Dutse ko Kuje. Mu ɗalibai mun san yadda abin yake ga ƙannen irin wannan mutum: a makaranta ana gudun gori, a gida kuma an hana tambaya. A hankali sai ziyara ta ragu, har a wayi gari an manta da shi.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, a Najeriya mutum na iya shiga gidan yari da takardar sakandare ya fito da digiri. Sai dai hanyar ba ta biyuwa ga wanda danginsa suka juya masa baya.

Ina ake karatun?

Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, wadda aka fi sani da NOUN, ita ce ke kai karatun har cikin gidajen gyaran hali. An kafa ta a 1983, aka dakatar da ita a 1984, sannan gwamnatin Olusegun Obasanjo ta farfaɗo da ita. Tsarinta na karatu daga nesa ne: ɗalibi ya karɓi littattafan kwas, ya karanta da kansa, ya yi jinga, ya zauna jarrabawa a ƙarshen zango. Shi ya sa ta dace da wanda ba ya iya fita zuwa aji.

Jami'ar na da cibiyoyi na musamman a wasu gidajen yari, irin su Kirikiri a Legas da Kuje a Abuja da na Inugu da Fatakwal. A zamanin Farfesa Abdalla Uba Adamu, ɗan Kano da ya shugabanci jami'ar daga 2016 zuwa 2021, an yafe wa fursunoni kuɗin makaranta gaba ɗaya. A 2018 wannan shiri ya jawo wa hukumar gidajen yarin Najeriya lambar yabo ta yaƙi da jahilci daga UNESCO. A 2019 kuma aka sa hannu a dokar da ta sauya wa hukumar suna zuwa Hukumar Gyaran Hali, don a nuna cewa manufar ita ce mutum ya fito ya fi yadda ya shiga.

To me ya rage wa dangi?

Yafe kuɗin makaranta bai yafe sharuɗɗan shiga ba. Kamar sauran jami'o'i, ana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Ingilishi, da kuma Lissafi a yawancin kwasa-kwasai. Wanda ke tsare ba zai iya zuwa tsohuwar makarantarsa ya karɓo sakamakonsa ba, ba zai iya binciko takardar haihuwarsa a cikin akwati ba. Sai wani na waje ya yi masa. Idan kuma bai cika kiredit ɗin ba, akwai gidajen da ake shirya wa fursunoni jarrabawar masu zaman kansu, wadda ke buƙatar kuɗin rajista da littattafai.

A nan ne ɗan sakandare ya fi kowa amfani a gida. Mu ne muka san manhajar da ake bi yanzu. Mu ne ke da littattafan da muka gama da su bara, da tambayoyin jarrabawar shekarun baya. Haka kuma an hana fursuna riƙe waya, amma NOUN na ɗora littattafan kwasa-kwasanta a intanet, don haka za mu iya saukewa mu kai shagon kwamfuta a buga masa a takarda.

Matakai huɗu

Na farko, mu tambaye shi. Wani yana so amma kunya ta hana shi furtawa, yana ganin ya riga ya ɗora wa gida nauyi. Tambaya ɗaya daga bakin ƙani, "Yaya, ba za ka koma karatu ba?", na iya tayar da abin da ya daɗe da kwanciya.

Na biyu, mu nemi babba a gida, Baba ko kawu ko gwaggo, ya gana da jami'in walwala na gidan. Ba kowane gida ke da cibiyar jami'a ba, saboda haka a ji abin da ake da shi a wurin, da yadda ake rajista, da yadda zai ci gaba idan aka sake shi kafin ya kammala, tunda digiri na cin aƙalla shekara huɗu.

Na uku, duk abin da za mu kai, littafi ne ko biro, ya bi ta hannun ma'aikata su duba. Kada tausayi ya sa mu ɓoye waya ko kuɗi a cikin abinci. Wannan laifi ne da zai iya jefa mu cikin matsala, shi kuma ya raba shi da damar karatun.

Na huɗu, mu dage. A ranar ziyara mu tambaye shi wane kwas ke ba shi wuya, mu gaya masa namu. Idan wurin da nisa, mu rubuta wasiƙa a tafi masa da ita. Mai karatu shi kaɗai a cikin cunkoso da hayaniya na saurin sarewa idan babu mai tambayarsa ina aka kwana.

Wani zai ce, shi da ya yi laifi me zai sa a wahala a kansa? Hukunci aikin kotu ne, kuma fiye da rabin waɗanda ke tsare a ƙasar nan ma jiran shari'a suke yi. Taimaka masa bai zama goyon bayan laifi ba. Yawancin fursunoni wata rana za su fito, kuma gidajenmu za su dawo. Wanda ya dawo da ilimi ya fi samun abin riƙewa a kan wanda ya dawo hannu rabbana, tsofaffin abokai na jiransa a bakin layi.

Nelson Mandela ya shafe shekara 27 a tsare, kuma yana cikin kurkuku ya kammala digirin lauya ta hanyar karatu daga nesa da Jami'ar Afirka ta Kudu a 1989. Ba kowa zai zama Mandela ba, amma Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Idan akwai namu a ciki, mu fara da duba littattafan da muka ajiye a ƙarƙashin gado, mu ware masa na Lissafi da Ingilishi kafin ziyara ta gaba.