Jenne, Garin Ginin Ƙasa a Bakin Kogin Bani

Idan kogin Bani ya cika, garin Jenne na ƙasar Mali yakan zama kamar tsibiri. A zamanin dā, ta ruwa fatake suke kai zinariya Tumbutu, su komo da gishiri.

Abin da yake jawo baƙi shi ne babban masallacin garin, wanda aka sake ginawa a 1907. Babu ginin ƙasa a duniya da ya kai shi girma. Kowace shekara manya da yara sukan fito su yi masa yaɓe, kamar yadda kakanninmu suke yi wa ɗakunansu, don kada ruwan sama ya cinye shi. UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1988. Abin baƙin ciki, tun rikicin 2012 yawancin baƙi suka ɗauke ƙafa.