Me Ya Haɗa Manhajar Waya da Hayaƙin Janareto?



Manhaja ita ce jerin umarnin da ake rubuta wa waya ko kwamfuta, kamar WhatsApp ko wasannin waya. Da yake ba a taɓa ta da hannu, mutane da yawa na ganin ba ruwanta da muhalli. Amma duk umarnin da waya za ta bi, sai ta ci wuta.

Ga misali. A ce an ba ka sunaye 1,000 ka nemo guda ɗaya. Idan ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kana iya duba duka 1,000 kafin ka same shi. Idan kuwa an jera su daga A zuwa Z, sai ka buɗe tsakiya, ka ajiye rabin da sunan ba ya ciki, ka sake raba sauran biyu. Sau goma kacal ya ishe ka. Haka manhajoji suke. Wata tana bin gajeriyar hanya, wata tana bin doguwa, amsa ɗaya suke bayarwa amma wutar da suke ci ba ɗaya ba ce.

Wannan wuta daga ina take? A Najeriya yawancin lantarki daga iskar gas ake samo shi, sauran kuma daga madatsun ruwa irin su Kainji da Shiroro. Mai cajin waya a bakin titi janareto yake tayarwa, ƙarafunan sabis da yawa kuma da man dizal suke aiki. Ƙona waɗannan na fitar da hayaƙin da ke ƙara ɗumamar yanayi. Sannan akwai manyan gidajen kwamfutoci da ke ajiye bidiyo da hotunanmu. A 2024 sun ci kusan kashi ɗaya da rabi cikin 100 na lantarkin duniya baki ɗaya.

Gyara manhaja na iya rage wannan sosai. Akwai wani tsarin kuɗin intanet mai suna Ethereum. A da, dubban kwamfutoci ke gasar lissafi dare da rana don tabbatar da cinikinsa. A watan Satumba na 2022 aka sauya tsarin, sai wutar da yake ci ta ragu da fiye da kashi 99 cikin 100.

Mu ma akwai abin da za mu iya yi. Mu goge manhajojin da ba ma amfani da su, mu hana bidiyo kunna kansa, mu zaɓi marasa nauyi irin su Facebook Lite. Batir zai daɗe, kuɗin caji da na data su ragu.

Ku kuma masu son zama injiniyoyin kwamfuta, idan kun rubuta manhaja ta yi aiki, ku ƙara tambayar kanku: ko akwai hanyar da ta fi wannan gajarta?